Takardar da ke Bangon Gidan Burodi

An yi wani saurayi ɗan Pakistan da ya samu aikin dare a wani gidan burodi a Bradford, can arewacin Ingila. Yaro ne mai zafin nama. In ya juye buhun fulawa a injin kwaɓi, sai ya kakkaɓe shi tas don kada a yi asara. Ya watsa gari a tebur da hannu. Da asuba ya ɗau tsintsiya ya hau shara, ƙura ta turnuƙe har girarsa ta yi fari fat.

Duk ukun nan, takardar da ke manne a bango ta hana. Cewa ta yi a naɗe buhu a hankali, a yi barbaɗi da gwangwani mai huji, a share da injin zuƙar ƙura. Sai dai da Turanci aka rubuta ta, shi kuwa Urdu yake karantawa. Kullum wuce ta yake yi kamar kalandar bara.

Atishawa da ƙaiƙayin ido suka fara, ya ce sanyin Ingila ne. Sai tari, sai ƙirji ya riƙa fito in ya kwanta. Da ya je hutu gida ya warke sarai, mahaifiyarsa ta ce ai iskar gida daban ce. Yana komawa aiki numfashi ya sarƙe, sai asibiti.

Tafinta, wani dattijo ɗan ƙasarsu, ya ce, "Ɗana, likita na tambaya, ranakun da ba ka aiki kana samun sauƙi?"

"Ƙwarai kuwa, Baffa."

Gwaji ya nuna asma ce, irin ta masu gidan burodi. Ƙurar fulawa na cikin manyan masu jawo asmar wurin aiki a Birtaniya, kuma da zarar huhu ya ƙi jininta, ko 'yar kaɗan ma sai ta tayar da ciwon. Dole saurayin ya bar sana'ar da ya ƙware a kai.

Dokar ƙasar ta 2002 kan abubuwa masu cutarwa ta wajabta wa mai gida ya sanar da ma'aikata ya kuma horar da su. Shi mai gidan burodin a ganinsa manna takarda ya wadatar. Sai bayan ɓarna ya sa aka juya ta zuwa Urdu da harshen Poland, aka haɗa da hotuna, wanda bai iya karatu ba aka karanta masa.

Kai mai ɗaukar ma'aikata, kafin ka manna taka, zagaya ka tambayi kowa da wane harshe yake karatu.