Kunne Ba Shi Da Murfi

Duk wanda ya taso daga Gwandu ko Kalgo ya shiga shagon kayan lantarki a Birnin Kebbi don sayen kayan sauti, ko na ɗakinsa ko na jeren 'yarsa, tambayarsa ta farko kusan ɗaya ce: wanne ya fi ƙara? Mai shago ya san amsar da ake so. Sai ya jona wayarsa, ya murɗa har gilashin kanta ya kama kaɗawa, ya nuna kwali inda aka rubuta wat 2,000 ko 3,000 da manyan lambobi, ciniki ya faɗa. Da wuya a ji an tambayi girman ɗakin da za a ajiye su, balle wanda yake kwana a bayan bangonsa. Ni kuwa ina ganin tambayar nan ta biyu ita ce ta gaba, kuma tambaya ce ta addini tun kafin ta zama ta masu gyaran rediyo.

Ko ta fuskar sana'ar ma, farautar ƙara asarar kuɗi ce. Lambar da ke jikin kwali yawanci ƙarfin da na'urar ke iya kaiwa ne na ƙiftawar ido. Ƙarfin da take riƙewa a kai a kai, wanda ake rubuta wa RMS, ya gaza haka nesa ba kusa ba. Kuma idan aka ninka ƙarfin ampilifaya sau biyu, desibel 3 kacal ake ƙarawa, sai an ninka kamar sau goma kafin kunne ya ji kamar sautin ya ninka. Abin da ke sa a ji magana tas a fim ko a tafsiri shi ne dacewar ampilifaya da sifikokin, a duba lambar om ɗinsu, 4 ce ko 6 ko 8, sannan a jera su daidai da inda ake zama. Ɗaki mai ƙafa 12 ba ya buƙatar kayan filin biki. Rarar da aka saya ba ta tsayawa a ɗakin, gidan maƙwabci take tafiya, musamman dukan babbar sifikar nan ta ƙasa mai gurnani, don sauti mai kauri ya fi siriri ratsa bango. Katangar ƙasa ta da, mai kauri, tana shanye da yawa daga ciki, amma bulo mai rami da rufin kwano ba sa riƙe sirri. Ga shi a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin ƙasar Kabi kan kori kowa zuwa tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi a buɗe tagogi, mai jego da jaririnta da tsoho mai hawan jini duk suna kwance a sarari.

Mai kaya zai ce gidansa ne, kuɗinsa ne. Gaskiya ne, amma iyakar gida katanga ce, sauti kuwa bai san katanga ba. Allah ya yi wa ido murfi, wanda bai son ganin abu sai ya runtse ko ya kau da kai. Kunne a buɗe yake dare da rana, har cikin barci. Saboda haka mai ƙure sauti ya shiga ɗakin wani ba da sallama ba, ya kuma zaɓa masa abin da zai ji. A cikin wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa akwai umarnin sassauta murya, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a sa shi cikin magada. Wanda ya kusa cin gadonka bai cancanci ka hana shi barci ba.

Akwai hujja mafi ƙarfi da ɗalibin fiƙihu zai iya kawowa, kuma a Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda ake karanta littattafan Malikiyya a zaure tun zamaninsa, ba za a rasa mai kawo ta ba. Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, da ya zo lissafa cutarwar da alƙali ke hanawa tsakanin maƙwabta a littafinsa Muhtasar, ya ambaci hayaƙi da warin jima, amma ya cire ƙara irin ta bugun tufafi, ya ce ba a hana ta. To, in mabugi na da izinin dukan shuni a kan gungume maƙwabta suna ji, don me za a takura wa mai sifika? Amsar tana cikin misalin kansa. Mabugi ba shi da wata hanyar cin abinci sai da wannan ƙarar, da rana yake yin ta, hannunsa kuma yana gajiya. Masu sharhin littafin ma sun kafa sharaɗi cewa in ƙarar ta tsananta ta kuma dawwama, ana hanawa. Sifika ba ta gajiya, ga sola ga batiri, tana iya kwana tana yi, kuma mai ita ba ya rasa ko ƙwayar gero in ya rage ta. Rangwamen da aka yi wa larurar sana'a ba ya zama lasisin nishaɗi.

Wani kuma zai ce shi ba kiɗa yake sawa ba, karatun Alƙur'ani ne ko wa'azi, yana neman ladan isarwa. Wannan ya fi taɓa zuciya, don niyyar mai kyau ce. Sai dai Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana su cutar da juna da hakan, alhali a masallaci suke, kuma Alƙur'ani suke karantawa da bakinsu. A Suratul A'arafi an umarci mutane su yi shiru su saurara idan ana karatu. Wanda ya watsa shi kan mai ciniki da mai barci da wanda ke bayan gida, ya ɗora musu nauyin da ba su shirya ɗauka ba. Kiran salla daban ne, don a ji shi daga nesa aka shar'anta shi, kuma minti kaɗan ne. Irin wannan bambancin Saudiyya ta yi a 2021, da ta taƙaita lasifikokin wajen masallatai ga kiran salla da iƙama, ta ce kada ƙarfinsu ya wuce kashi ɗaya cikin uku.

Ba cewa nake a bar sayen kayan sauti masu kyau ba. Iyali su zauna su ji tafsirin azumi ko wasan ƙwallo da sauti mai daɗi halal ne, kuma sau da yawa ƙananan sifikoki biyu masu inganci sun fi tarkace shida masu rahusa fitar da murya. A auna ɗaki kafin a tafi kasuwa, a ɗaga sifikoki daidai kunnen mai zama, a janye mai gurnanin daga bangon da aka haɗa da maƙwabci, a sa labule da darduma su rage amsa-kuwwa. Ranar da aka haɗa kayan kuma, bayan sallar isha'i, a kunna yadda aka saba ji, a fita a tsaya a lungun bayan gida. In ana iya gane abin da ake faɗa daga can, a koma a rage, a sa alama a jikin maɓallin don yara su san inda ake tsayawa.