Hannun da ya yi kanta

Ya 'yan'uwa, da yawanmu da ƙarar dutsen niƙa muka tashi a Wushishi. Kafin ladan ya kira assalatu, iyayenmu mata sun durƙusa kan dawa.

Nana Faɗima, Allah ya ƙara mata yarda, ita ma niƙa ya sa hannunta ya yi kanta. Ta nemi mai aiki wurin mahaifinta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bai ba ta ba, sai ya koya mata ita da Sayyidina Ali tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 in za su kwanta. Bukhari da Muslim sun ruwaito.

Wasunmu da hadisin nan suke rufe wa mata baki. To ai wanda ya koyar da shi, Nana A'isha ta ce yana taya iyalinsa aikin gida.

Yanzu inji ake kaiwa, amma tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin niƙa ya hau. Mu nan garin leda muke saya, mun manta. In an sallame Juma'a, kowa ya kira gida ya tambaya: wa ke biyan kuɗin niƙan Inna?