Haƙoran Roba Ba Na Aljihu Ba Ne, Alhaji

Alhaji ƙanena, abin da nake ji a kanka bai yi mini daɗi ba. An ce tun da aka sa maka haƙoran roba ka ƙaurace wa majalisa, cinikin albasa a Aliero ɗanka kake turawa, ranar ɗaurin aure a Maiyama kuma aka ce ka yi addu'a ka tura wa wani. Wai don maganarka na fita da fito. Har an ga kana zare su kana sawa aljihu. Haba Alhaji! Kai da in ka ɗaga murya a kasuwar Jega ba mai cewa ka maimaita?

Wannan ba ciwo ba ne. Harshenka ya shekara sittin da sanin inda yake taɓawa, yau ya tarar da roba a ganɗa. Shi ya sa sa, sha, tsa da za suka fi ba ka wuya, don a bayan haƙoran gaba ake yin su. Yawun da ke taruwa ma zai ragu da kansa. Dubi masu ɗorin Aliero: nasu su haɗa ƙashi, amma taka ƙafa sai mai ita; haka sabawa da haƙoran nan ma sai kai. Duk ranar da ka cire haƙoran don kunya, ka mai da harshenka baya.

Bayan asuba ka ɗauki Alƙur'ani ka karanta a bayyane, sannu a hankali, harafin da ya ƙi ka yi ta maimaita shi. Kafin ka yi magana ka ɗan cije, ka haɗiye yawu, haƙoran su zauna daidai. Ka yi ta hira da jikokinka, dariyarsu ba ta raini ba ce. Cikin 'yan makonni za ka ji bambanci.

In haƙoran suna ci maka dasashi ko suna girgiɗi, kada ka kankare su da reza. Dasashi yakan motse bayan cire haƙori, don haka ka koma wurin likitan haƙori a Birnin Kebbi ya daidaita maka. Da dare ka cire, ka wanke, ka jiƙa a ruwan sanyi, na zafi lanƙwasa su yake yi. Goro kuwa na san ba za ka bari ba, to a riƙa gurza maka shi. Ka gai da Hajiya da yara.