Ta'aziyya ga ƙanwata a Bronx, da 'yar magana kan kotun gado

Ƙanwata, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya gafarta masa, Ya sa ya huta, Ya albarkaci bayansa. Mutum ne da bai iya hayaniya ba. Ko a taron suna sai dai ki hango shi can gefe yana raba ruwa, da an shafa fatiha ya koma kan tasinsa. Jama'ar da ta cika masallaci ranar jana'izarsa, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya, ba gayyato su aka yi ba, halinsa ne ya kawo su. Ki riƙe wannan shaida, za ta yi miki amfani a dararen da gidan zai yi miki faɗi.

Yanzu an yi bakwai, masu zaman makoki sun watse, takardu kuwa ba su daina zuwa da sunansa ba. Kin ce mini banki sun ƙi ba ki ko sisi daga asusunsa sai kin kawo takardar kotu, kuma tun da kika ji kalmar kotu barci ya ƙaurace miki. Dalilin wannan wasiƙa ke nan.

Babu wanda ya kai ƙararki. A gida mun saba ba a zuwa kotu sai an yi rigima, wannan kuwa daban ce. Kowace gunduma a jihar New York tana da kotun gado, suna kiranta Surrogate's Court, ta Bronx kuma tana babban ginin kotun nan na Grand Concourse, kusa da filin wasan Yankee. Aikinta ta san wa ya rasu, me ya bari, su wa ya bari, sannan ta damƙa amanar a hannun mutum guda. Tunda Alhaji bai bar wasiyya a rubuce ba, doka ta sa matar mamaci a gaban kowa wajen neman wannan wakilci. Takardar da za su ba ki ita ce bankin ke jira.

Kotun ba ta sauri, ke ma kada ki yi. Ba a yanka miki ranar da in ba ki je ba dukiyar za ta salwanta. Ki yi takabarki, wata huɗu da kwana goma, cikin natsuwa. In kuɗin haya da na cefane suka matsa, malamanmu sun halatta wa mai takaba ta fita da rana don lalura ta dawo ta kwana a ɗakinta, don haka zuwa kotun ba zai taɓa takabarki ba. Abin da ba za ki yi ba shi ne amfani da katin bankinsa, ko da kin san lambar. Ki ajiye shi a ambulan tare da sauran takardu. Kada kuma ki sa hannu a kan wata takarda, ko ɗan'uwa ne ya miƙo miki, sai an karanta miki ita kin gane. Kotu tana ba da tafinta kyauta, ki nema tun da wuri.

Kafin nan ki tattara takardar shaidar rasuwa, kwafi da yawa, don kowane ofis sai ya nemi tasa, da takardar aurenku, da rasit na kuɗin jana'iza. Sai ki zauna da babban ɗanki ku lissafa abin da ke da sunan Alhaji shi kaɗai. Asusun da kuka buɗe tare, ko inshorar da ya rubuta sunanki a kai, ba su bi ta kotu. Mota guda da darajarta ba ta wuce dala 25,000 ba, da kuɗi har dala 25,000, doka ta ware wa iyali tun kafin a fara lissafin gado. In abin da ya saura bai haura dala 50,000 ba, akwai gajeriyar hanya ta ƙananan dukiya, kuɗin shigar da takarda dala 1 ne kacal. In ya haura, kuɗin yana tashi gwargwadon dukiyar, ƙarshensa dala 1,250, nan kuma ki ɗauki lauya.

Akwai shafin da za a ce ki jera magada. A nan ne alƙalami yake nauyi. Ki rubuta kowa, har 'yarsa ta wajen uwargidan da suka rabu, wadda ke gida. Kotu za ta so a sanar da ita, ko ta sa hannu cewa ta amince da wakilcinki, kuma aika takarda can da dawo da ita yana cin makonni. Na san za a sami mai ba ki shawara a ɓoye, ya ce wa zai sani. Rantsuwa kike yi a kan wannan takarda, yarinyar kuma marainiya ce kamar naki.

Bashi ma ki kwantar da hankalinki. Kamfanonin katin bashi za su yi ta kira da murya mai daɗi. Bashin da ba ki sa hannu a kai ba, dukiyar mamaci ke biya, ba aljihunki ba. Ki ce su rubuto. Suna da wata 7 daga ranar da aka ba ki takardar wakilci su kawo da'awarsu, shi ya sa masu hankali ba su raba komai kafin lokacin ya cika. Amma akwai bashin da kotu ba za ta taɓa jin labarinsa ba: zubin adashe, rancen da ya karɓa hannun abokin aiki ranar da mota ta lalace, amanar da wani ya ba shi ya aika gida. Ranar jana'iza liman ya yi cigiya, sai dai mutanenmu da kunya, wani ba zai zo ba sai an bi shi. Ki sa ƙaninsa ya zaga cikin direbobi ya tambaya. Sauke masa wannan nauyi ya fi duk wata sadakar arba'in da za a dafa.

Saura maganar da na fi so ki ji daga bakina kafin ta zo miki ta wani baki. Rabon da dokar New York ke yi ba irin namu ba ne. In mutum ya bar mata da 'ya'ya ba wasiyya, matar tana ɗaukar dala 50,000 na farko da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba sauran daidai wa daida, mace da namiji. Iyayen mamaci ba su da komai. A ce dukiyar dala 150,000 ce, ke za ki tashi da 100,000, yara duka su raba 50,000, Inna kuwa, da ta haife shi, ko ƙwandala. A shari'ar Musulunci kina da tumuni, ɗaya bisa takwas, Inna tana da sudusi, ɗaya bisa shida, saura na 'ya'ya.

Kin ga inda abin ya tsaya. Rarar tana hannunki ne, don haka gyaran ma yana hannunki. Alƙalin ba zai raba muku yadda malam zai raba ba, amma ba zai hana babba mai hankali ya ba da nasa ga wanda ya ga dama ba. Kason ƙananan yara kuwa ba mai rage shi, kotu ce ke sa ido a kai har su cika shekara 18, kuma ni ban ga laifin wannan ba, mun sha ganin dukiyar marayu ta narke a hannun kawunnai. Shawarata, bayan an biya bashi, ki sa malamin da ya san ilimin gado ya yi lissafi, lauya ya rubuta, ki fitar wa Inna haƙƙinta daga abin da ya faɗo hannunki, ki cika wa yara nasu. Dangin Alhaji za su fara waya daga gida, wasu da alheri, wasu da zargi. Ki gaya musu haƙƙin kowa yana nan, amma sai kotu ta gama nata. Dukiya mara rigima ma takan ci watanni, wani lokaci shekara ko fiye. Jinkirin ba alamar an cuce ku ba ne.

In kika tsinci kanki kina kuka a kan fom, don an ce ki rubuta ranar rasuwarsa a cikin ɗan akwati, ki ajiye alƙalamin ki yi kukanki, gobe ma rana ce. Ranar da kika shirya zuwa kotun ki kira ni mu tafi tare, kada ki je ke kaɗai. Ki gaishe da yara, ki ce musu ina tafe. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kyautata namu zuwan.