RAMIN KURKUDU

Ya ɗan'uwana, da safe in ka shiga garkarka ban ruwa, kakan ga kome shiru. Ga yakuwa, ga tumatir, ga kuɓewa. Amma ka durƙusa ka duba da kyau. Akwai yaƙi a wurin dare da rana.

Darɓa tana tsotse ganyen wake. Ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi yana cin darɓa. Zanzaro yakan harbi tsutsa, ya kai ta ɗakinsa na laka domin 'ya'yansa. Da dare kwaɗo yakan fito ya lashe ƙwari. Kada ka bar yara su kashe waɗannan. Masu gadi ne da Allah ya ba ka, ba ka kuwa biyansu ko dala.

Amma akwai wani maharbi da nake so ka lura da shi. Ka duba gindin danga, inda rairayi yake a bushe. Za ka ga 'yan ramuka masu faɗin baki da tsukakken gindi. Aikin kurkudu ke nan. Bai fi ƙwayar wake girma ba. Ba ya bin kowa da gudu. Yakan haƙa raminsa, ya binne kansa a ƙasan ramin, ya buɗe baki, ya jira.

Ga tururuwa tana tafe da tsaba. Ba ta nufi ramin ba, bakinsa kaɗai ta bi. Sai rairayi ya zame da ita. Ta yunƙura za ta hau, kurkudu ya watso mata rairayi da kansa, ta sāke gangarawa. Yawan ƙoƙarinta, yawan zamewarta. A ƙarshe ya kama ta, ya zuba mata dafi, ya tsotse ta sarai, ya jefar da ɓawon waje. Sa'an nan ya gyara ramin domin ta baya.

Mai karatu, haka Shaiɗan yake yi da mutum. Manzo Bitrus ya kwatanta shi da zaki mai neman wanda zai cinye (1 Bitrus 5:8). Amma sau da yawa ba ka jin rurinsa. Rami yake haƙawa a bakin hanyar da kake bi kullum. Wani raminsa ƙwaryar giya ce ran kasuwa. Wani caca ce bayan an sayar da wake. Wani zuwa wurin boka ne sa'ad da yaro ba shi da lafiya. Wani matar maƙwabci ce. Ba wanda ya taɓa cewa zai faɗa. Kowa cewa yake yi baki kaɗai zai tsaya. Kafin damina rumbu ya zama wayam, mata da 'ya'ya suna kuka, mutum ya zama ɓawo.

Watakila yau kana cikin ramin. Ka rantse ka daina, ka koma. Ka sāke rantsuwa, ka sāke komawa. Ka taɓa ganin yaro ya miƙa wa tururuwa tsinke, ta kama, ya fid da ita? Ceto daga sama yake zuwa. Sarki Dawuda ya shaida a Zabura 40 cewa Ubangiji ne ya fisshe shi daga rami, ya tsai da shi a kan dutse. Yesu Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, aka binne shi, a rana ta 3 ya tashi. Kabari bai iya riƙe shi ba, raminka ma ba zai gagare shi ba.

Kada ka jira gobe. Ka faɗa masa zunubinka da sunansa, ka roƙe shi gafara. Ka tafi wurin fasto ko wani dattijon ikkilisiya ku yi addu'a tare. Ka sāke hanya, kada ka ƙara bin bakin ramin nan.

Gobe da safe kuma ka kira 'ya'yanka gindin danga, ka nuna musu ramin kurkudu, ka faɗa musu abin da ka karanta.