Mutum-mutumi da Ruwa a Ƙofar Lambun New York

A kusurwar kudu maso yamma ta babban lambun shaƙatawa na birnin New York, wanda suke kira Central Park, akwai wata hasumiya ta dutse da aka ƙaddamar a 1913, a ƙolinta ga surar wata mace da aka shafe da ruwan zinariya, dawakan teku uku suna jan kekenta, a gindinta kuwa ruwa yana zuba cikin kwarmi a ƙarƙashin siffar goshin jirgi. An gina ta ne domin tunawa da ma'aikatan jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine, su fiye da 250, waɗanda suka halaka sa'ad da jirgin ya fashe a tashar Havana ta ƙasar Kuba ranar 15 ga Fabrairu, 1898.

Musulmin da ya tsaya a wurin, babu makawa ya tuna da riwayar Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, cewa Wadda da Suwa'a da sauran gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu salihan bayi ne da aka kafa wa alamu don tunawa, sai bayan da ilimi ya gushe aka shiga bauta musu. Sai dai a nan babu mai sujada. 'Yan yawon buɗe ido ne da masu cin abincin rana a kan matakala, galibinsu ba su ko ɗaga kai. Illar wannan gini, a ganina, ta wata fuska ce, domin shaida ce wadda ba ta karɓar gyara. Jaridar William Hearst, wadda ta tara kuɗin ginin, tana cikin waɗanda suka ɗora wa Sifaniya laifi tun bincike bai kammala ba, har Amurka ta gwabza da ita yaƙin da ya raba Sifaniya da mulkin Kuba da Filifin. Amma da Admiral Rickover na sojan ruwan Amurka ya sake duba al'amarin a 1976, sai ya rinjayar da cewa daga cikin jirgin wutar ta taso. Macen zinariyar dai tana nan tana shelar nasara.

Shi ruwa ba ya da'awar komai, kuma shi aka nuna wa Sa'ad bin Ubada da ya tambayi mafificiyar sadaka ga mahaifiyarsa marigayiya, ya haƙa rijiya. To amma ruwan wannan gini na ado ne, ba a sha. Mai niyyar raya sunan mamacinsa, ya dubi unguwar da mata ke kwana a layin famfo tukuna.