Tunatarwa Daga Gidan Cavendish: Magaji Ma Yana Iya Riga Tafiya

A gidajen sarautar gado na Ingila, ba a samun muƙami sai da mutuwa. Kafin ɗa ya gaji sarautar Duke ko Earl, sai an kai mahaifinsa makwanci. Wannan kaɗai ya isa wa'azi, amma labarin gidan Cavendish, masu riƙe da sarautar Duke na Devonshire, ya fi shiga zuciya.

Babban gidansu, Chatsworth, yana yankin Derbyshire, da ɗaruruwan ɗakuna da gonaki iya ganin ido. A zamanin wannan labari, magajin gidan shi ne William, wanda ake kira Billy. A ranar 6 ga Mayun 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya auri Kathleen Kennedy, ƙanwar John F. Kennedy wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Auren ya sha suka saboda bambancin ɗarika, ita 'yar Katolika, shi ɗan Furotesta. A cikin danginta, yayanta Joe ne kaɗai ya halarci ɗaurin auren.

Makonni kaɗan ango ya yi da amaryarsa aka kira shi fagen daga. A watan Agusta Joe ya rasu, jirgin yaƙinsa ya tarwatse a sama. A ranar 9 ga Satumba harsashi ya sami Billy a ƙasar Beljiyam, yana da shekara 26. Wata huɗu kacal da biki, amarya ta koma bazawara, ba ɗa ba jika. Ita ma ba ta daɗe ba. A watan Mayun 1948 ta rasu a hatsarin jirgin sama a Faransa, tana da shekara 28, aka binne ta a maƙabartar ƙauyen Edensor, kusa da gidan da aka zata ita za ta zama uwargidansa.

Mahaifin Billy, wanda shi ne Duke a lokacin, ya yi dabara irin ta masu dukiya. Ya mayar da kadarorinsa hannun amintattu domin kauce wa harajin gado, amma doka ta ce sai ya rayu shekara 5 bayan haka. Ya rasu a Nuwamban 1950 yana da shekara 55, saura 'yan watanni wa'adin ya cika. Gwamnati ta nemi kashi 80 cikin 100 na dukiyar. Ƙanin Billy, Andrew, wanda ba a taɓa shirya shi domin gadon ba, shi ya zama Duke na 11, ya sayar da filaye, ya miƙa wa gwamnati gidan Hardwick da zane-zane masu tsada, ya shafe shekaru yana biyan bashi.

Ya ɗan'uwa, dubi yadda lissafin ya rushe. An tsara wanda zai gada, an tsara wadda za ta haifi magaji na gaba, an tsara yadda za a tsare dukiya, amma babu wanda ya san ajalinsa. Mutuwa rigar kowa ce, ba ta duba shekaru balle asali.

Idan mai Chatsworth bai iya ƙara wa kansa 'yan watanni ba, me ya sa muke jinkirta tuba, da biyan bashi, da neman yafiyar wanda muka zalunta, muna cewa sai gobe? Abin da za ka gyara, gyara shi yau tun kana da numfashi.

Allah ya sa mu cika da kyau da imani.